Hannun Yaya da halin Baba, ashe ciwo ɗaya ne

Yayana tela ne, ya haura shekara ashirin a kan keken ɗinki, kuma a almakashi ciwon ya fara nuna kansa. Ana saura mako uku ƙaramar Sallah, shago ya cika da shadda, ya ce mini babban yatsansa na dama ya ƙi buɗe almakashi. Babu zafi, babu kumburi, in an taɓa shi yana ji sarai, ƙarfin ne kawai ya tafi. Shekarunsa 46 a lokacin. Daga wannan rana zuwa ranar da aka faɗa mana sunan ciwon, wato ALS, cutar jijiyoyin motsi, wata goma sha huɗu muka yi. Daga nan kuma sai da muka ƙara wata biyar kafin mu san daga ina ya fito. Ni malamin kimiyyar halittu ne a sakandare, amma rabin wannan lokaci a layukan da ba namu ba muka ɓatar da shi, kuma akwai tambaya guda da likita ta yi mana muka ba ta amsar da ba daidai ba, ba tare da mun san mun yi kuskure ba. Saboda wannan tambayar nake rubutun nan.

Mun fara da kemis kamar kowa. Aka ce gajiyar ɗinkin Sallah ce, aka ba shi maganin sanyin ƙashi da allurar ƙarin jini. Bayan wata biyu muka yanki kati a babban asibiti. Likitan da ya gan shi ya sa aka ɗauki hoton wuya, hoton ya nuna ƙashin wuyan ya ɗan zaizaye, sai aka ce jijiya ce ta danne. Aka ɗaura masa abin tallafe wuya, aka tura mu wurin masu gashin ƙashi, sau biyu a mako har wata uku. A cikin watannin nan naman da ke tsakanin babban yatsa da manuniya ya zube har wurin ya yi rami. Idan ya cire riga sai ka ga naman kafaɗarsa yana motsi shi kaɗai, kamar tsutsa na tafiya a ƙarƙashin fata. Da dare ƙafa ta riƙa ɗaure masa. Na yi ta faɗa wa masu gashin, suka ce in koma wurin likita, likita kuma ya tura mu wurin likitan ƙashi da maganar ko za a yi tiyata.

Likitan ƙashin nan, Allah ya saka masa da alheri, shi ya fara juya mu zuwa hanya. Ya sa aka yi hoton MRI na wuya, wanda kuɗinsa ya fi albashina na wata guda, sai da muka yi karo-karo ni da ƙannenmu mata. Da ya duba hoton ya ce zaizayewar da ke ciki kusan duk wanda ya haura arba'in yana da irinta, kuma ba ta kai ta cinye hannun mutum haka ba. Ya buga ƙaramar guduma a gwiwar Yaya, ƙafar ta yi tsalle fiye da kima. Ya ce ya fito da harshe, ya daɗe yana kallo. Sannan ya ce ba zai taɓa wuyan ba, ya rubuta mana takardar zuwa wurin likitocin ƙwaƙwalwa da jijiya a asibitin koyarwa.

Sau ɗaya a mako suke ganin marasa lafiya, kuma mako bakwai aka ba mu. Duk mai zuwa ya riƙe takardar da aka turo shi da ita, da ainihin hotunan haɗe da rahotonsu, da sunayen duk magungunan da ya sha, domin sabon fayil za a buɗe masa kuma babu abin da ya biyo shi daga tsohon asibiti sai abin da ya riƙo a hannu. Bayan sallar asuba muka fita, ba mu shiga ba sai gab da azahar. Likitar ta kusa awa guda a kansa. Ta gwada ƙarfin kowace gaɓa, ta soka masa tsinke a wurare da yawa yana cewa yana ji. Sai ta tambaya: "A danginku akwai wanda ya taɓa yin irin wannan ciwon?" Muka haɗa baki muka ce babu. A saninmu gaskiya muka faɗa, don babu wanda hannunsa ya taɓa shanyewa a gidanmu.

Ta rubuta gwajin jini masu yawa, na sikari, na maƙoƙo, na ƙanjamau, na sinadarin B12 da wasu, ta ce tana neman cututtukan da ke kama da wannan amma suna jin magani. Duk suka fito lafiya. Wanda ya rage shi ne EMG, gwajin da ake soka siririyar allura cikin tsoka a saurari wutar da ke cikinta. Na'urar ba ta aiki a lokacin, sai da muka tafi Abuja wani wuri mai zaman kansa, da kuɗin mota da na kwana ga na gwajin. Ina zaune a gefe aka soka masa a hannu, a cinya, a baya, har ƙarƙashin haɓa. Tsokar mai lafiya idan tana hutawa shiru na'urar take yi. Ta Yaya kuwa ƙara take yi kamar yayyafi a kan kwano, har a ƙafar hagu da yake ganin ƙalau take.

Ranar da muka mayar da sakamakon, likitar ta ja takarda ta zana mana. Ta ce umarnin motsi hawa biyu yake bi. Akwai jijiyoyin da ke tasowa daga ƙwaƙwalwa su gangaro cikin laka, akwai kuma waɗanda ke karɓa daga laka su kai wa tsoka, wasunsu tsawonsu ya kai mita guda, daga ƙugu zuwa yatsan ƙafa. Idan na sama suka lalace jiki ya sandare, gwiwa ta riƙa tsalle. Idan na ƙasa suka mutu tsoka ta zube ta riƙa rawa. Yaya yana da duka biyun, a sassa daban-daban na jiki. Sunan ciwon ALS, wasu kuma suna cewa cutar jijiyoyin motsi. Wani likitan Faransa, Jean-Martin Charcot, ya bayyana shi tun 1869. Ta ce ba shanyewar ɓarin jiki ba ce, domin ita rana ɗaya take faɗowa, wannan kuwa a hankali yake ci, kuma yawanci ba ya taɓa ji ko gani ko motsin ido. Da na matsa mata ta ce mafi yawan masu shi shekara biyu zuwa biyar suke yi daga farawarsa, kamar ɗaya cikin goma kuma suna haura shekara goma. Na ambaci Stephen Hawking, masanin kimiyyar nan ɗan Birtaniya, wanda ya rayu da shi daga 1963 har 2018, ta ce irinsa ba su da yawa, kada in gina lissafi a kansa. Yaya bai ce komai ba sai Innalillahi, can kuma ya ce, "Likita, zan ci gaba da sallah a tsaye?" Ta ce har zuwa wani lokaci. Ta rubuta masa riluzole, ƙwaya mai miligiram 50 safe da yamma, ta faɗa mana gaskiya cewa ba ya warkarwa, 'yan watanni yake ƙarawa, kuma sai ana duba hanta duk wata a farkon shansa. Mun zaga manyan shagunan magani ba mu samu ba, sai oda aka yi mana.

A wata na uku bayan haka matarsa ta kira ni gefe. Ta ce ba hannun ne ke damunta yanzu ba. Mutumin da ba ya shan shayi da sukari ya koma zuba cokali biyar, yana kwashe alawar yara. Ƙaramar 'yarsu ta ƙone da ruwan zafi yana zaune ko kallonta bai yi ba. Ya faɗa wa wani tsohon mai kawo masa ɗinki magana marar daɗi a gaban mutane, ko a jikinsa. Na ce mata baƙin cikin ciwo ne. Ta girgiza kai ta ce, "Malam, wallahi kamar Baba."

Sai da na zauna. Mahaifinmu ɗan kasuwa ne a Kantin Kwari, mutum mai kunya da tsantseni. Yana gab da shekara sittin halinsa ya juye. Ya riƙa ba da atamfa bashi ga wanda bai sani ba, ya riƙa sakin maganar da ba ta dace da dattijo ba, ya yi alwala sau goma a jere, aka yi rasuwar ƙaninsa yana zaune yana cin ƙosai a gaban masu ta'aziyya. Bai manta sunan kowa ba, bai taɓa ɓata a hanya ba, shi ya sa babu wanda ya kawo ciwo a ransa. Bai daɗe da ƙara aure ba, sai dangi suka ce amarya ce ta yi masa asiri. An yi rubutu, an yi turare, an yi ruƙiyya. A shekararsa ta ƙarshe maganarsa ta riƙa sarƙewa, yana ƙwarewa da ruwa, ciwon haƙarƙari ya ɗauke shi. Bayan arba'in amaryar ta koma gidansu, babu wanda ya raka ta. Ni ma ina cikin waɗanda suka daina gaishe ta.

A zuwanmu na gaba na ba likita wannan labari, ina jin nauyi, don ji nake kamar ina tona asirin mahaifina. Ta ajiye biro ta ce wannan ita ce amsar tambayar da ta yi mana ranar farko. Akwai wata cutar ƙwaƙwalwa, FTD, da ke cin ɓangaren goshi da na gefen kunne, inda kunya da tausayi da tsara al'amura da harshe suke. Ba ta farawa da mantuwa irin ta gigin tsufa, da canjin hali take farawa, kuma sau da yawa kafin mutum ya kai 65. Ita da ALS, in ji ta, bakin igiya biyu ne na abu guda. Kusan rabin masu ALS ana samun wani canji a tunaninsu ko halinsu, kamar 15 cikin ɗari kuma FTD ce sosai. A gida ɗaya uba zai iya yin wannan, ɗa ya yi wancan, wani ya haɗa biyun. Ta yi wa Yaya gwajin tunani na kusan rabin awa. Lissafi da tuna abubuwa ya ci, amma da aka ce ya jero kalmomin da suka fara da harafi ɗaya cikin minti guda, huɗu kawai ya kawo.

Abin da ya haɗa cututtukan biyu na karanta shi daga baya har na fahimta, kuma da yaren shagon Yaya na fi gane shi. DNA da ke cikin cibiyar tantanin jiki kamar babban littafin awo ne da ba a fita da shi. Idan za a ƙera wani furotin sai a kwafi shafin da ake so, kwafin nan shi ne RNA, kuma kafin ya yi amfani sai an yanke rarar da ke jikinsa an haɗe sauran. Akwai wani furotin mai suna TDP-43 da ke cikin masu kula da wannan yanka, mazauninsa cikin cibiya. A 2006 masu bincike suka gano cewa a jijiyoyin masu ALS yana barin cibiyar ya fito waje ya dunƙule. Ana samun haka a kusan 97 cikin ɗari na masu ALS, da kusan rabin masu FTD. Ɓarnar ta zama biyu: a ciki babu mai yanka, kaya suna fita a karkace, a waje kuma dunƙulen ya tare hanya. Jijiyar motsi, da tsawonta da yawan abin da take aikawa daga wannan baki zuwa wancan, ba ta jure wannan. Idan abin ya fi yawa a laka hannu ya tafi, idan a goshi ne hali ya tafi.

Likitar ta ce kusan tara cikin goma na masu ALS babu tarihinsa a danginsu, amma mu da yake ga labarin Baba, ya kamata a duba ƙwayoyin gado. A nan ba a yin gwajin, sai an aika jini waje. Kafin a ɗiba ta haɗa mu da wata mai ba da shawara kan cututtukan gado ta kiran bidiyo, ta ce sakamakon ba na Yaya kaɗai ba ne, ya shafi 'ya'yansa shida da mu 'yan'uwansa. Muka yi taron gida. Kawunmu ya ce ai iyayenmu ba auren zumunci suka yi ba, ta ina gado zai shigo? Na ce masa wannan ba kamar sikila ba ne, inda sai uwa da uba sun haɗu kowa ya ba da nasa. A nan kwafi ɗaya daga ɓangare ɗaya ya isa, kuma kowane ɗa yana tsakanin ya ɗauka ko kada ya ɗauka, rabi da rabi. Inna ta yi shiru har aka gama, sannan ta ce a yi.

Da dala ake biya, kuma gwaji biyu ne daban, wannan ya kamata kowa ya riƙe. Na farko na ƙwayar gadon da ake kira C9orf72 ne, a kan kromosom na 9, wato ƙunshin DNA na tara, wadda aka gano a 2011. A cikinta akwai haruffa shida, GGGGCC, da ke maimaita kansu. A jikin yawancin mutane ba su kai sau 30 ba, a jikin masu ciwon kuwa sai su kai ɗaruruwa ko dubbai. Wannan tsawo yana rage furotin ɗin da ƙwayar ke samarwa, kwafinsa yana taruwa a cibiya ya riƙe wasu furotin kamar danƙo, kuma ana ƙera wasu baƙin furotin iri biyar daga jikinsa masu guba ga jijiya. Ita ce kan gaba a Turai, kusan 40 cikin ɗari na ALS na gado, musamman a Finland, amma ba a cika samunta a baƙar fata kamar haka ba. Gwajin da ke karanta haruffa ɗaya bayan ɗaya yakan tsallake irin wannan maimaici, shi ya sa ake yi mata nata daban. Na biyu kuma shi ne mai karanta ƙwayoyin gado da yawa a lokaci guda, irin su SOD1 da TARDBP da FUS da TBK1. Mun sayar da keken ɗinki biyu daga shagon kafin kuɗin ya cika. Jinin farko da muka aika an ƙi karɓarsa saboda takardar amincewa babu sa hannun likita a shafi na biyu, sai da aka sake ɗiba aka sake biyan kuɗin aikawa. Mako uku suka tafi a haka.

Sakamakon C9orf72 ya fara zuwa, babu komai. Gida ya ɗauki murna, har ƙanwata ta yi sadaka, ni kuma na kasa ce musu saura ɗaya. Ni addu'ata a lokacin, in dai har gadon ne, to ya zama SOD1, wadda aka fara ganowa a 1993, domin ita ce aka samar wa magani na musamman, tofersen, da Amurka ta amince da shi a 2023, ana yin allurarsa ta baya cikin ruwan laka. Ko da ba mu da kuɗinsa, na so a ce akwai ƙofar da za a ƙwanƙwasa. Bayan mako biyar na biyun ya zo. TBK1 ce, wadda aka danganta da ciwon a 2015. Kowa yana da kwafi biyu nata, ɗaya daga uwa ɗaya daga uba. Ɗaya daga cikin na Yaya ya yanke a tsakiya, don haka da rabin furotin ɗin yake rayuwa. Aikinsa yana cikin masu kwashe shara a tantani, shi ke ba da izinin a tattara lalatattun furotin a narkar da su. Da rabi ana iya tafiya shekara arba'in ko hamsin, sannan shara ta fi ƙarfin masu kwasa. Likitar ta ce babu jinin Baba da za a gwada, amma bisa labarin da muka bayar, daga wurinsa ya fi kama da fitowa. Ta ƙara da cewa ba duk wanda ya gaji wannan ne zai yi ciwon ba, wasu suna tsufa da shi lafiya.

Wanda ya ga hannu ko ƙafa na zubewa babu zafi babu mutuwar ji, ga tsoka na rawa, ya nemi a tura shi wurin likitan jijiya tun da wuri, kada ya yarda a yi masa tiyatar wuya kafin a yi EMG. Idan aka tambaye shi tarihin dangi, kada ya tsaya a kan wanda ya shanye. Ya faɗi wanda aka ce ya taɓu, da wanda aka ce an yi wa sammu, da wanda ya rikice kafin tsufa, da wanda maganarsa ta sarƙe. Addu'a ba mu bari ba ko kwana ɗaya, kuma ba ta hana mu zuwa asibiti ba. A riƙa auna numfashi duk wata uku. Idan ya fara rauni, iskar oksijin ita kaɗai tana iya cutarwa, domin matsalar tsokar da ke fitar da gurɓatacciyar iska ce, na'urar da ke tura iska ta abin rufe hanci ake buƙata, ita kuma sai da wutar da ba ta yankewa, don haka a fara tanadin sola tun kafin a kai nan. Maganar bututun abinci ta ciki a yi ta tun numfashi bai faɗi ƙasa da rabi ba. Wasiyya da bashi da maganar shago kuwa, da mun sani da tun watan farko muka zauna da Yaya, lokacin da hukuncinsa yake cikakke. Kuma a gaya wa matar gida da yara cewa rashin kulawar nan ciwo ne. Tun da matar Yaya ta ji haka ta daina kuka a ɓoye tana tambayar kanta laifin me ta yi masa.

Yara ba a gwada su sai sun kai 18 sun nema da kansu. Babban ɗansa ya ce ba ya so ya sani, muka ce hakkinsa ne. Ni shekaruna 41, takardar gwajin tana cikin jakata wata huɗu ke nan ban cike ta ba, kuma duk ranar da alli ya suɓuce mini a aji sai na tsaya ina duban hannuna.

Ranar Juma'ar da ta wuce na ɗauki Inna muka je gidan su amaryar Baba. Ta tsufa, ta yi wani auren har mijin ya rasu. Na durƙusa na yi mata bayani gwargwadon yadda zan iya, na ce mata ciwo ne a ƙwaƙwalwarsa, kuma ga shi ya fito a jikin Yaya. Inna ta ce, "Ki yafe mana, mun ɗauki alhakinki." Ta daɗe tana kallon ƙasa, sannan ta ce ita tun a wancan lokacin ta san ba lafiya yake ba, don da dare takan ga naman hannunsa yana rawa, amma ba ta ga wanda zai saurare ta ba. Ta tambaya ko Yaya yana iya haɗiye kunu. Na ce in an dama da kauri. Ta ce za ta kawo masa ranar Lahadi.